Tsallen Kwaɗo Ba Tarbiyya Ba Ne

Ƴan uwa, akwai wata magana da ke yawo a Facebook da TikTok wadda ya kamata mu tsaya mu duba. Wai yaran yanzu sun yi laushi, don haka a mayar da filin lakwal kamar barikin soja: tsallen kwaɗo, gudu da rana tsaka, durƙuso da bulo a hannu. Mai wannan magana yana zaune a Yamai ko Maradi, fanka na kaɗa masa. Yaron da za a gwada abin a jikinsa yana Gidan Amumune, can cikin gundumar Mayahi.

Ku dubi wannan yaron. Ya ɗebo ruwa kafin ya taho, ya yi tafiyar ƙasa cikin rairayi, wata rana ko hura bai sha ba. Binciken abinci mai gina jiki da ake yi a Nijar ya sha nuna cewa fiye da rabin yaran jahar Maradi ƴan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba, saboda ƙarancin abinci. Su ne ke cika ajin CI bayan shekara ɗaya ko biyu. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. Wannan ne za a ce ya yi laushi?

Ba mu ƙin motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu kamar awa ɗaya ta motsa jiki kullum, da atisayen ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako. Likitocin yara sun yarda cewa horon ƙarfi yana da amfani, amma da sharaɗi: malami wanda ya koyi aikin, nauyi kaɗan da ake ƙarawa a hankali, ruwan sha, da hutu. A ƙarshen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsin da girma ke fitowa daga gare shi, kuma shi ke fara jin rauni idan nauyi ya wuce kima. Tsokar da aka gallaza wa kan narke ta zuba cikin jini, fitsari ya koma kalar Coca, ƙoda ta tsaya. Yaro mai emasi kuwa, zafi da ƙishirwa da wahala su ne ke tayar masa da ciwo, kuma da yawa a karkara ba a taɓa auna jininsu ba. Idan ya faɗi, mota nawa ke jira a ƙofar lakwal don kai shi asibitin Mayahi ko Tasawa?

Za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne. Amma mai tanƙwara icce ya san inda hannunsa ke tsayawa, in ba haka ba sai ya koma gida da guntaye biyu.

Za su ce ai mu ƴan ƙasar kokowa ne. To mu dubi kokowar. Kantu na Maradi, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, ba horon bulala ya fitar da shi ba. Kokowa a ƙauye da kaka ake yin ta, rumbu cike, a kan rairayi, da yamma, tsara da tsara, manya na kallo suna raba su. Kakanninmu sun san ƙa'idar tun kafin likita ya rubuta ta.

Kuma mu daina ɓoye hukunci a bayan sunan wasanni. Mushen da ya sa yaro tsallen kwaɗo don ya makara, hukunta shi yake yi. Nijar ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990, kuma sashe na 28 ya ce ladabtarwa a makaranta ta mutunta yaro.

Ga abin da muke nema. A mayar da darasin EPS da sassafe, da randar ruwa a gefen fili. A haramta hukunci da atisaye. A tambayi iyaye game da emasi da fuka tun ranar rubuta yaro. Mai son yaran karkara su yi ƙarfi, ya fara da neman kantin a makarantarsu.

Kai da ke da ƙane ko ƙanwa a ƙauye, kira gida yau. Tambaye su me ake sa su yi idan sun makara. Abin da ka ji, ka kai shi taron COGES.