KADA NA'URA TA ZAMA SHINGE TSAKANIN TALAKA DA HAƘƘINSA

Duk wanda ke lura da al'amuran ƙasar nan ya san cewa hukuma ta mayar da yawancin hulɗarta da jama'a kan intanet. Tun shekarar 2014 aka shigo da lambar BVN a bankuna, a 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya, sannan a watan Disamba na 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa, wato NIN.

Ba mu musun alfanun wannan tsari. Kuɗin da aka biya kai tsaye cikin asusun gwamnati ya kuɓuta daga hannun ɗan tsakiya, kuma tantance ma'aikata ta na'ura ya tona asirin masu cin albashin ma'aikatan bogi.

Amma abin tambaya shi ne: wa aka yi wa tsarin? Manomin Daura ta ƙasar Ƙaraye, ko ɗan'uwansa na Rogo, sai ya bar gonarsa, ya biya kuɗin mota, ya wuni a layi, daga ƙarshe a ce masa babu wuta ko sabis ya ɗauke. Shafukan da Turanci aka rubuta su, don haka dole ya miƙa sirrinsa da kuɗinsa ga mai shagon kwamfuta. In aka kuskure harafi guda a sunansa, gyaran ma da kuɗi. Ashe ɗan tsakiya bai tafi ba, riga kawai ya sauya!

Ita kanta na'urar tana kuskure. A 2025 hukumar JAMB ta amsa cewa tangarɗa ta shafi sakamakon ɗalibai sama da 379,000, har aka sake musu jarrabawa. Waɗannan sun sami masu ɗaga murya a madadinsu. To, ɗan ƙauye fa?

Saboda haka muna kira ga hukuma da ta kafa wurin rajista a kowace mazaɓa, mai aiki da hasken rana, ta sanya Hausa a shafukanta, kuma kada ta rufe layi ko asusun wanda ba ta kai wa hidimar kusa ba. Mu kuma, wajibi ne matasanmu masu ilimi su taimaki dattawa da mata ba tare da karɓar ko kwabo ba.

Mulki amana ce, kuma ba na'ura za a tambaya a kanta ba. Allah Ya sa mu dace.