Zomon Da Ke Jikin Kwalba

A wannan mako kasuwa za mu tafi, amma ba irin wadda muka saba ba. Za mu leƙa manyan kantunan nan na Turai da Amurka waɗanda ba a sayar da kome a cikinsu sai kayan kwalliya, kamar su Sephora, wanda asalinsa na Faransa ne, da Ulta na Amurka, mai rassa fiye da 1,000.

Wanda ya shiga irin wannan kanti, ƙamshi ne zai fara tarbarsa, sa'an nan hasken fitilu. Ga jan-baki launi-launi, ga hoda, ga gazal da jagira, ga man shafawa da na kitso, kowane kamfani da nasa sashe. In ya ɗan tsaya ya lura, zai ga waɗansu mata ba kuɗin kaya suke fara dubawa ba. Sai su ɗauki kwalba su juya bayanta, su ƙura mata ido kamar mai karanta takardar likita. Abin da suke nema wani ɗan hoto ne da bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba, ko dai zomo yana tsalle, ko kuwa wata 'yar fure. In sun gani su jefa a kwando, in ba su gani ba su mayar.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, kwalaben nan suna isowa gare mu, a akwatunan matafiya da kantunan Ikko da Abuja da Kano, ana kuwa tsawwala musu kuɗi. Da kunnena na ji wani mai talla yana rantse wa wata baiwar Allah cewa ma'anar hoton ita ce man zai sa fatarta ta yi laushi kamar gashin zomo. To, ba haka zancen yake ba. Labarin zomon nan ba mai daɗi ba ne.

A shekarar 1933 aka yi wani abin baƙin ciki a Amurka. Wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da mata da dama, har wata ta rasa ranta. Wannan na cikin abubuwan da suka sa majalisar ƙasar ta kafa doka a 1938, wadda ta ba hukumar kula da abinci da magunguna iko a kan kayan kwalliya. A 1944 wani masanin hukumar mai suna John Draize ya fito da hanyar gwada abu kafin ya kai ga idon mutum. A kan sa zomo a cikin akwati, kansa kaɗai ne a waje, a ɗiga masa abin a ido ɗaya, a bar ɗayan domin kwatantawa. Sa'an nan a yi ta dubawa, wani lokaci har kwana 21, ana rubuta ja da kumburi da gyambo. Zomo ba shi da yawan hawaye irin na mutum, balle ya wanke abin da aka zuba masa. In an gama, galibi a kan kashe shi.

Kada mu yi saurin zagin Draize. Mutumin nan idanun mata yake son ya tsare, kuma a zamaninsa ba shi da wata dabara da ta fi wannan. Inda laifi ya shigo shi ne da aka yi shekaru fiye da 30 ana yin abin nan a kan kowane sabon jan-baki da sabulun wanke gashi, ba mai neman wata hanya, domin zomo yana da arha kuma ba ya kai ƙara.

Wanda ya tayar da ƙurar wani malamin makaranta ne a birnin Niyok, Henry Spira. A watan Afrilu na 1980 ya sayi shafi guda cur a jaridar New York Times, ya tambayi kamfanin Revlon zomaye nawa yake makantarwa saboda ado. Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, Spira kuwa haka ya yi: bai bi ta kan masu gwaji ba, sai ya kama mai sunan da ke jikin kwalba, wanda ke tsoron ɓacin suna. Kafin shekarar ta ƙare, Revlon ya ware dala 750,000 domin jami'ar Rockefeller ta binciko wata hanyar gwaji. Daga nan abu ya yi ta tafiya. Ingila ta daina ba da izinin irin wannan gwaji a 1998. Tarayyar Turai ta bi abin daki-daki, har ranar 11 ga Maris, 2013, ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi, ko a ina aka yi gwajin. Indiya ta biyo baya a 2014, jihar Kalifoniya a 2020, Kanada a 2023. Yanzu masana suna shuka fatar mutum a ɗakin bincike su yi gwaji a kanta, ko su karɓo idanun shanun da aka riga aka yanka a mayanka. Wannan nasara ce ta gaske, ba na kuma cikin masu raina ta.

To, mu koma kanti. Kuskuren farko da mai saye kan yi shi ne ya ɗauka zomo da fure abu ɗaya ne. Alkawari biyu ne daban. In an rubuta Cruelty Free, ana nufin ba a gwada abin a kan dabba ba. In an rubuta Vegan, ana nufin babu wani abu da ya fito daga jikin dabba a cikinsa. Jan-baki yana iya cika alkawarin farko ya karya na biyu, yana kuma iya cika na biyu ya karya na farko. Shi ya sa kantin Ulta, da ya fito da tsarin liƙa alamu a kantocinsa a 2020, ya ba kowanne tasa alamar.

Mai karatu zai ce, me ya haɗa jan-baki da dabba? Abu da yawa. Jan nan mai kyau da ake kira kamin, daga jikin wani ɗan ƙwaro ake samunsa, wanda ke zaune a kan wani tsiro mai ƙaya, ƙasar Peru kuwa ta fi kowa kiwonsa. Sai an busar da ƙwari wajen 70,000 an niƙe kafin a sami laba ɗaya ta garinsu. A bayan kwalba ba za a rubuta ƙwaro ba, sai dai a ga lamba CI 75470. Akwai kakin zuma, wanda ke riƙe jan-baki kada ya narke. Akwai lanolin, watau maiƙon gashin tumaki. Akwai wani mai da a kan tatso daga hantar kifin shak, ko da yake yanzu ana yin irinsa daga zaitun da rake. Akwai ƙyalƙyalin da a kan samu daga ɓawon jikin kifi, har da yauƙin dodon koɗi, wanda kamfanonin Koriya suka yi suna da shi. Waɗansu Musulmin can su kan nemi alamar furen domin gudun kitsen alade, kuma ta wannan gefe tana da amfani. Amma ba ta ce kome a kan barasa ba, ba kuma shaidar halal ba ce.

Kuskure na biyu ya fi na farko girma, watau a ɗauka duk zomo zomo ne. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta faɗa da bakinta cewa babu wata doka da ta fayyace ma'anar kalmomin nan. Kowane kamfani yana iya zana nasa zomon, mai dogon kunne ko mai murmushi, ya liƙa. Yana iya cewa "ba mu gwada wannan hoda a kan dabba ba", ya kuwa faɗi gaskiya, alhali wanda ya sayar masa da sinadaran haɗa ta shi ya yi gwajin. Don haka darajar tambari tana ga wanda ya ba da shi. Zomo mai tsalle da taurari biyu, wanda ake kira Leaping Bunny, ƙungiyoyin kare dabbobi ne suka kafa shi a 1996, kuma ba su ba kamfani sai ya yarda a bi diddigin masu kawo masa kaya, a kuma turo masu bincike daga waje. Na ƙungiyar PETA ya fi sauƙin samu, domin ya dogara ne ga takardar shaida da shugabannin kamfani suka sa wa hannu. Furen kuwa na Vegan Society ne, ƙungiyar da aka kafa a Ingila a 1944, ita ma ta kan duba kayan haɗi, ta kuma sa sharaɗin kada kamfani ya yi gwaji a kan dabba. Bambancin waɗannan da kalmar da kamfani ya rubuta wa kansa kamar bambancin takardar alƙali ne da rantsuwar ɗan kasuwa.

Ko a inda doka ta yi tsanani, tsugune ba ta ƙare ba. Shekara da shekaru ƙasar Sin ba ta yarda a sayar da kayan kwalliyar waje a kantunanta sai an gwada su a kan dabbobi. Kamfanin da ke alfahari da tausayi a London sai ya biya kuɗin gwaji a Shanghai. Haka NARS ya yi a 2017 da ya shiga kasuwar Sin, masu sayensa suka yi masa ca. Daga ranar 1 ga Mayu, 2021, Sin ta sassauta a kan kaya na yau da kullum bisa waɗansu sharuɗɗa, amma sassaucin bai haɗa da rinin gashi da man kare zafin rana ba. A Turai ma, a watan Nuwamba na 2023 kotun Tarayyar ta yanke wa kamfanin Symrise na Jamus hukuncin cewa tilas ya gwada waɗansu sinadarai biyu a kan dabbobi, ko da yake a kayan kwalliya kaɗai ake amfani da su, domin wata dokar daban mai kare lafiyar ma'aikatan masana'antu ta buƙaci haka. Dokar farko ta rufe ƙofa, ta biyu ta buɗe taga.

Akwai kuma abin da tambarin bai taɓa yin alkawarinsa ba, amma masu saye suka ɗora masa. Bai ce abin ba zai cuce ki ba, 'yar'uwa. Rinin nan da ya makantar da matan Amurka a 1933 babu ko ɗigon dabba a cikinsa, kuma sinadarinsa shi ne wanda a kan samu a dayis ɗin da ake zuba wa lalle don ya yi baƙi, wanda ya kan sa hannun waɗansu amare ya yi ƙuraje ya saɓule. Kwallinmu na gargajiya dutse ne, ba ruwansa da zomo, amma da aka auna wani da aka kai Boston daga Nijeriya a 2011, bayan an sami gubar dalma a jinin wani jariri, sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce.

Bai kuma ce ba a zalunci mutum ba. Ƙyallin da ke cikin hoda da kwallin fatar ido yawanci daga wani dutse ne mai ɓarewa falle-falle da ake kira maika, kuma an daɗe ana samun yara ƙanana suna haƙarsa a ramukan jihohin Jharkhand da Bihar na Indiya, da kuma Madagaska, ramin ya kan rufta da waɗansunsu. Ni a ganina, wanda ya yi tattaki don ya tsare idon zomo, ya kamata ya ƙara taku ɗaya ya tambayi wa ya shiga ramin.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Da kamfanoni suka shiga neman abin da zai maye gurbin kitse da maiƙon tumaki, ɗaya daga cikin abubuwan da suka rungume shi ne man kaɗe. Tun 1994 kamfanin The Body Shop yake sayensa daga wata ƙungiyar mata mai suna Tungteiya a arewacin Gana, yana kuma faɗin haka a tallarsa. Mu kuwa da muka fi kowa itatuwan kaɗanya, a jihohin Neja da Kwara da Kebbi da sauransu, yawanci ƙwallon muke sayarwa ɗanye a buhu. Gwamnatin Tarayya da kanta ta faɗa, lokacin da ta hana fitar da ɗanyen ƙwallon na wata 6 a Agustan 2025, cewa Nijeriya ce ke samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya, amma rabonta a cinikin bai kai kashi 1 ba. Gaskiya ne mafi yawan abin da ake fitarwa masu yin cakulan ne ke saye, ba masu kwalliya ba. Amma wanda ya shiga kwalba shi ne ke yin tsada, matar da ta yi sammako da damina ta shiga ciyawa tana tsinta, tana kaffa-kaffa da maciji, ta dafa, ta shanya, ta fasa, ta soya, ta niƙa, ta buga da hannu har mai ya taso, ba ta san ana sayar da cokali kaɗan nasa a Paris da kuɗin da ba ta samu a mako ba.

In kwalbar ta zo hannunki, ki juya bayanta ki nemi man kaɗen. Ba za ki same shi da sunansa ba. Abin da ake rubutawa shi ne Butyrospermum Parkii, sunan da masana tsirrai suka raɗa wa kaɗanya don tunawa da Mungo Park, Baturen nan da ya ba mutanen Ingila labarin itacen bayan tafiyarsa ta farko, wanda kuma Kwara ta cinye a Busa a 1806.