Lafiya Uwar Jiki: Kada Ku Ba Shi Ruwa Tukuna

A wannan wata za mu yi magana a kan shanyewar ɓarin jiki, da aikin da nas-nas suke yi a kwana uku na fari bayan an kwantar da mutum a asibiti.

Wannan ciwo daga ƙwaƙwalwa yake. Ko dai jijiyar jini ta toshe, ko kuwa ta fashe, sai wani sashe na ƙwaƙwalwa ya rasa jini. Nan da nan baki ya karkace, hannu da ƙafa na gefe guda su mutu, magana ta sarƙe. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda aka yi a Nijeriya da Gana, har da Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba wajen kawo shi. Idan kun ga waɗannan alamu, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe. Ko kuna Roni, ko Gwiwa, ko wani ƙauye, ku nemi mota ku tafi asibiti. Akwai babban asibiti a Kazaure, akwai a Babura. Daga can ana iya tura ku Asibitin Koyarwa na Aminu Kano domin a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa.

Mutane da yawa sukan tsira daga bugun farko, amma abin da ya biyo baya ya kashe su. Abubuwa uku ne nas take tsaro: zafin jiki, da sukarin jini, da haɗiya. A ƙasar Ostareliya wata farfesar aikin jinya, Sandy Middleton, ta gwada wannan a ɗakunan masu shanyewar jiki guda 19. A waɗansu ɗakunan aka koya wa nas-nas su bi abubuwan nan uku da ƙa'ida, a sauran kuwa aka ci gaba yadda aka saba. Aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2011. Bayan kwana 90, a inda ba a bi ƙa'idar ba, 58 cikin 100 sun mutu ko sun zama sai an yi musu hidima. A inda aka bi ta, 42 ne kaɗai. Ba wani sabon magani aka kawo ba, kulawa ce kawai.

Na fari, zafin jiki. Zazzaɓi yana ƙara lalata ƙwaƙwalwar da ta riga ta raunana. Domin haka nas takan auna jiki sau da yawa, dare da rana. In ya kai digiri 37.5 sai ta ba da farasitamol, a kuma nemi dalili, ko zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon huhu, ko na mafitsara.

Na biyu, sukari. Yakan hau bayan shanyewar jiki, har ga wanda ba shi da ciwon sukari. Nas takan soki ɗan yatsa ta auna. In ya hau da yawa, likita ya rubuta allurar insulin.

Na uku, haɗiya, kuma nan ne hannun iyali yake ciki. Wajen rabin masu wannan ciwo ba sa iya haɗiya daidai a kwanakin fari. Ruwa ko kunu yakan bi hanyar numfashi ya sauka cikin huhu, ya zama ciwon huhu mai kisa. Waɗansu ma ba sa tari sa'ad da suka ƙware, sai a ɗauka lafiya lau suka sha. Saboda haka kada ku ba shi ruwa, ko koko, ko fura, ko ƙwayar magani, sai nas ta gwada haɗiyarsa. Takan zaunar da shi tsaye, ta ba shi ruwa ƙaramin cokali, tana sauraron tari da sauyin murya. In bai iya ba, akan sa masa ƙarin ruwa, a zura siririyar roba ta hanci zuwa ciki domin abinci. Kada ku ƙi robar, gama ba alamar mutuwa ba ce. Da yawa haɗiyarsu takan komo cikin 'yan makonni, a cire ta.

Mun san da wuya uwa ta ga leɓen ɗanta ya bushe ta hana shi ruwa. Ku jiƙa tsumma mai tsabta ku shafa masa a leɓe, ku riƙa goge masa baki safe da yamma.

A asibitocinmu nas ɗaya takan riƙe gadaje da yawa, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Ku masu jinya ku zama idonta. Ku riƙa juya mara lafiya kowane awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito a ƙugu da diddige. Ku sauya zanen gado in ya jiƙe. Kada ku ja shi ta hannun da ya mutu, domin kafaɗa tana iya gocewa. In jiki ya yi zafi, ko numfashi ya sauya, ko barci ya yi nauyi, ku kira nas nan take. Ku tambaye ta da ladabi: "Sista, an gwada haɗiyarsa? An auna sukari?"

Ku da kuke gida kuma, ku je a auna muku jini tun kuna da lafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai wata mai zuwa.