Kafin ki tafi saro kaya, sayi littafi

A wannan makon da mata 'yan kasuwa nake magana, masu barin yara a gida su tafi saro kaya Legas, Kwatano, ko Kantin Kwari a Kano.

Shekaru uku da suka wuce na hau motar dare zuwa Legas don saro leshi da atamfa a kasuwar Balogun. Bayan jarina, akwai sautun mutum bakwai a hannuna. Wata ta turo kuɗi ta banki, wata ta kawo a hannu, maƙwabciyata kuma ta ba ni na kayan lefen ɗanta. Hotunan kayan da kalolin da kowacce ke so duk suna cikin WhatsApp. A cunkoson kasuwa aka zare wayar daga jakata. Na tsaya gaban shago ina lalube a kaina: shuɗi ta ce ko kore? Turmi huɗu ne ko shida? Kuɗin kuwa na riga na haɗe su wuri ɗaya.

Da na dawo, lissafi ya ƙi fita. Na cike giɓin daga ribata, amma maƙwabciyar nan ta yi wata biyu gaisuwarmu daga nesa ce. Asarar wayar ba ta yi mini ciwo kamar kallon da ta yi mini ba.

Tun daga nan na ɗauki wasu ɗabi'u da ban sake bari ba.

Na farko, littafi. Ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare ya isa. Kowace mai sautu tana da shafinta: sunanta, nawa ta bayar, ranar da ta bayar, irin kayan, kala da adadi. Atamfa a rubuta ta da turmi, leshi da yadi, domin turmin atamfa yadi shida ne, leshi kuwa yawanci yadi biyar ake yanka shi. Ki karanta mata abin da kika rubuta ta amince. Sai ki ɗauki hoton shafukan ki tura wa maigida ko ƙanwarki, don ko waya ta tafi, bayanin yana nan.

Na biyu, kuɗi kashi uku ne: jari, sautu, da guzuri. Kada su haɗu. Guzuri ya ƙunshi kuɗin mota zuwa da dawowa, masauki, abinci, 'yan dako da kuɗin ɗora kaya. Kuɗin komawa gida ki keɓe shi a jikinki, ba a jakar hannu ba. Ranar da sabis ɗin banki ya ƙi, shi zai rufa miki asiri.

Na uku, ki rubuta a lokacin. Duk shagon da kika biya, karɓi rasit, ki rubuta sunan mai kayan a bayansa. Idan kin koma masauki da dare, ki ba lissafi minti goma kafin ki kwanta. Abin da kika ce za ki tuna gobe, gajiya za ta cinye shi. Kowane buhu a rubuta masa sunanki da lambar wayarki ciki da waje, ki ƙirga su a gaban masu lodi, ki karɓi takardar shaida.

Na huɗu, takardu. Katin ATM da katin shaida kada su zauna a aljihu ɗaya da waya. Lambobi uku masu muhimmanci ki rubuta su a bangon littafin. Masu zuwa Dubai ko Sin su duba fasfo tun da wuri, domin ana so ya rage aƙalla wata shida kafin ya ƙare aiki. Mai zuwa Kwatano kuma kada ta manta katin rigakafin cutar shawara.

Na biyar, gida. Hankalin uwa ba ya tafiya da ita gaba ɗaya, rabi yana wurin yara. Ki bar wa mai kula da su takarda manne a bangon kicin: kuɗin cefane, kuɗin tara, lokacin maganin wanda ba shi da lafiya, da lambar malaminsu. Ki sa lokaci ɗaya na kiran gida, misali bayan magariba. Da haka ba za a riƙa kiranki kina tsakiyar ciniki ana tambayar ina aka ajiye safar makaranta ba.

Abu na ƙarshe, ki koyi cewa a'a. Sautun da ya fi ƙarfin littafinki da kafaɗarki, ki ba mai shi haƙuri tun a gida. Haƙurin da za ki bayar kafin tafiya ya fi sauƙi a kan wanda za ki bayar bayan kin dawo.

Ke kuma uwargida, wace dabara ce take taimakonki a hanya? Faɗa mana a ƙasa, wata za ta ƙaru.