RA'AYINMU: Kafin A Ɗaga Gatari, A Fara Tsare Hanya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Kowace shekara, da zarar bazara ta yi nisa hadari ya fara haɗowa, za ka ga 'yan uwa matasa sun fito da adduna da gatura da igiyoyi, suna rage rassan bishiyoyin da suka sunkuyo kan titi a gaban masallatai da makarantun Islamiyya da maƙabartu. Wannan aiki ne na alheri, muna roƙon Allah Ya karɓa. Dogon yaron nan da aka fara dasawa a ƙasar Barno tun 1928, ya kuma bazu ko'ina cikin garuruwanmu, yau da yawansa ya tsufa, wasu gara ta cinye cikinsu, wasu magina sun datse musu saiwa wajen haƙa kwata. Hukumomin da alhakin kula da su ya rataya a wuyansu kuwa, galibi ba a ganinsu sai bishiya ta riga ta faɗo kan jama'a. Don haka ba mu ga laifin wanda ya tashi ya yi abin da aka ƙi yi ba.

Abin da ya dame mu shi ne yadda ake yin aikin. Mutum ashirin za su fito, goma sha biyar suna rububin gatari, biyar suna riƙe da igiya, titi kuma an bar wa Allah. In an yi ƙoƙari ƙwarai sai a karyo ɗan ganye a jefa kan kwalta taku biyar daga gindin bishiyar, a ce wai an sa alama. Motoci da babura da 'yan adaidaita sahu na ta wucewa ta ƙarƙashin reshen da ake sara, yara sun yi cincirindo suna jiran itace, kowa na ihun “a kauce” lokaci guda, ba a san muryar wa za a bi ba. To wannan ba tawakkali ba ne, ganganci ne da rayukan bayin Allah.

Mun sani, abin da ke fitar da 'yan uwa shi ne kwaɗayin ladan kawar da cuta daga hanya, wanda Manzon Allah (SAW) ya lissafa cikin rassan imani. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya janye reshen ƙaya daga kan hanya. Amma ɗan uwa ka tsaya ka yi tunani. In janye reshe daga hanya na jawo gafara, yaya matsayin wanda ya jefo reshe kan hanya, ya faɗa wa mai wucewa da bai san hawa ba bai san sauka ba? Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya yi bayanin cewa wanda ya yi wani abu da bai halatta masa ba a kan hanyar Musulmi, kamar haƙa rijiya ko ɗaure dabba, to lamunin duk wanda ya ji rauni saboda haka yana kansa. Aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i kuma ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, wanda bai sami bawan da zai 'yanta ba ya yi azumin wata biyu a jere. Kyakkyawar niyya tana kawo lada, amma ba ta dawo da rai, ba ta kuma ɗauke diyya.

Akwai lissafin da ya kamata duk mai tsayawa kan titi ya haddace. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wanda shi ne iyakar gudu cikin gari, tana cinye kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da direba ya hango ka zuwa lokacin da motar za ta tsaya cak, ta shafe wajen mita 35, wannan ma in kwalta a bushe take, burki da tayoyi kuma lafiya lau. In gudun 80 yake yi, sai ya kusa mita 70. In 100 ne, kusan mita 100. Tirela da tanka da tifa masu lodi sun fi haka nesa ba kusa ba. To ina amfanin ganyen da aka jefa taku biyar daga inda reshe zai faɗo? Direban da ya gan shi, ya riga ya shigo ƙarƙashin bishiyar kafin ƙafarsa ta kai burki.

Haka nan masu sana'ar kayar da itace suna da ƙa'ida: in za a kayar da bishiya gaba ɗaya, kada kowa ya kasance cikin tazarar da ta kai ninkin tsawonta biyu, sai mai saran kaɗai. Bishiya mai tsawon mita 15 tana neman filin mita 30 ta kowane ɓangare, alhali faɗin kwaltar mota biyu bai wuce mita 7 da 'yan kai ba. Ma'ana babu wani “raɓawa ta gefe”. Lokacin da ake saran ƙarshe, dole ne a tsayar da hanya baki ɗaya.

Saboda haka muna kira ga shugabannin da'irori da masu kula da 'yan agaji da su tsaya kai da fata a kan waɗannan abubuwa.

Na farko, a sanar kafin a fita. A gaya wa mai unguwa da malaman daji na ƙaramar hukuma, a nemi Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 don irin wannan, ko KAROTA a Kano, ko KASTLEA a Kaduna. In babbar hanya ce da manyan motoci ke bi, kada a taɓa ta sai da su.

Na biyu, a zaɓi lokaci. Ban da ranar Juma'a, ban da ranar kasuwa, ban da lokacin tashin 'yan makaranta, ban da bayan faɗuwar rana. In iska ta taso ko hadari ya haɗo, a sauko, gobe ma rana ce.

Na uku, a naɗa amiri guda ɗaya mai usur, wanda ba ya sara, ba ya jan igiya, idonsa na kan bishiya da titi. Sai ya busa sannan a tsayar da motoci, sai ya tabbatar an tsayar sannan a yi saran ƙarshe, sai an janye reshen ya sake busawa sannan a saki hanya.

Na huɗu, a tsayar da manyan 'yan uwa masu natsuwa a kowane ƙarshe, da jar tuta da riga mai ɗaukar ido, aƙalla mita 100 daga wurin aiki, in akwai kwana ko tudu a wuce gabansa. Su tsaya a gefen kwalta suna fuskantar motar da ke zuwa, su san inda za su yi tsalle in burki ya ƙi. Wannan ba wurin da ake tura ƙaramin yaro ba ne, ba kuma wurin latsa waya ba.

Na biyar, a kewaye wurin da igiya saboda masu tafiya a ƙasa. A ware mutum biyu don yara da mata masu jiran itace, a ce musu za a raba bayan an gama. Makaho da tsoho a kama hannunsu a zagaya da su.

Na shida, wayar lantarki. Duk reshen da ke kusa da waya ƙasa da mita 3, a bar wa ma'aikatan kamfanin wuta su zo su kashe layin. Manyan wayoyin nan na ɗauke da ƙarfin wuta 11,000 ko 33,000, ɗanyen reshe kuma yana ɗaukar wuta. Kada wani ya ce ai an ɗauke wuta tun safe. Wanda ya ɗauke bai yi shawara da kai ba, ranar da zai maido ma ba zai yi ba.

Na bakwai, ladabi da direbobi. Ba a ba mu hanya don mu nuna isa ba. Babu dukan mota da gora, babu zagi, babu karɓar ko kwabo. In an zo da mara lafiya ko mai naƙuda, a dakatar da sara a ba su hanya.

Na takwas, kada a watse sai an kwashe komai: kututture, duwatsu, tayoyi da ganyen da aka yi alama da su. Ɗan acaɓan da zai biyo da daddare da fitila mai rauni yana da haƙƙi a kanmu. In kuma tsautsayi ya sa wani ya faɗo daga sama, kada a ɗauke shi a naɗe kamar buhu, domin ƙashin baya ko wuya na iya karyewa. A kwantar da shi kan katako a miƙe, a kira 112 ko 122.

Sannan ba kowace bishiya ake kayarwa ba. Abu Dawuda ya kawo gargaɗi mai tsanani kan sare magaryar da matafiya da dabbobi ke shan inuwarta ba bisa haƙƙi ba. Mai lafiya a rage mata rassa kurum, wadda ta zama dole a kayar kuma a dasa madadinta.

Mun san abin da ke ran matashi. Wanda ke can sama da gatari shi ake kallo, shi ake yi wa kabbara in reshe ya faɗi. Mai riƙe da tuta can nesa cikin rana ba wanda ya san da shi, sai ma baƙar maganar direbobi. Amma mu tuna ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Maharba 50 aka ajiye kan tudu ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair, aikinsu kawai su tsaya inda aka ajiye su. Da mafi yawansu suka ga kamar abin da ake yi a ƙasa ya fi nasu, suka sauko, kowa ya san abin da ya biyo baya. Ɗan uwan da aka ba tsaron hanya ya bar wurinsa ya tafi jan igiya, ya buɗe ƙofar da ba a san wa za ta ci ba.

Don haka amirin da bai sami isassun masu tsaron hanya ba, ya ɗage aikin, babu kunya a ciki. Kai kuma ɗan uwa, in aka miƙa maka tuta maimakon gatari, karɓi da hannu biyu.

Allah Ya tsare mu da zama sanadin zubar jinin wani, Ya sa ayyukanmu su zama don Shi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.