Turu Ba Magani Ba Ne

Daga Maradi har Damagaram, idan saurayi ya fara cewa ana bin sawunsa, ko an zuba masa guba a tuwo, ko kuwa da shi rediyo yake magana, hukunci ɗaya muke yankewa: sammu ne, ko iskokai. Sai mu nemo mari, mu sa ƙafarsa a turu, mu ɓoye shi a ɗakin baya, wai rufin asiri. Asirin wa muke rufawa, nasa ko namu?

Ciwon nan yana da suna, sikizofireniya, wanda likita Eugen Bleuler ya raɗa masa a 1908. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kama kusan mutum ɗaya cikin 300, galibi a lokacin samartaka. Mai shi yakan ji muryoyin da babu mai jin su sai shi, ya sakankance cewa ana ƙulla masa makirci, ya ƙaurace wa jama'a, barci ya gagare shi. Tsoron da ke ransa na gaske ne. To, wanda yake zargin danginsa da neman ransa, sa'an nan ya ga yayyensa sun danne shi sun ɗaure, me muka yi in ba gaskata masa zargin ba?

Alhali magani ya samu tun 1952, lokacin da likitoci a Paris suka gwada chlorpromazine. Yau akwai haloperidol da risperidone, har da allurar wata-wata ga mai mantuwa. Sukan kawo rawar hannu ko nauyin barci. Wannan dalilin komawa wurin likita ne ya daidaita, domin yanke magani kan dawo da ciwon, wiwi kuma ya ƙara rura shi.

Za a ce asibiti da nisa, likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, akasarinsu suna Yamai. Haka ne, kuma hakki ne a kan hukuma ta kai maganin asibitocin karkara. Amma mu lissafa ragunan da muka yanka da turaren da muka ƙona, mu gani ko ba su fi kuɗin mota ba. Mai ciwon suga muna yi masa addu'a, muna kuma kai shi asibiti. Me ya raba shi da wannan?

Duk shekarar da ya yi a turu, sauƙi yana ƙara yi masa nisa. Mu kwance shi, mu kai shi ga likita.