Wa Ya Zubar Da Mutuncin Damagaram?

Ƴan uwana ɗalibai, ina da faɗa, kuma da mu nake.

A hutun da ya wuce, a fadarmu ta nan Matamaye, wani abokinmu ya zo da kwamfuta ya kunna mana fim ɗin "Zinder" na A'isha Macky, wanda ya fito a 2021. Mun kai mu goma sha, ga shayi a kan wuta. Ba a kai ƙarshe ba wani ya miƙe ya ce matar nan ta zubar da mutuncin Damagaram, ta kwashi dauɗarmu ta kai wa Turawa suna tafa mata. Kusan kowa ya ce gaskiya ne. Ni na yi shiru a daren, don maƙogwarona ya cushe. Yau ga amsata a rubuce.

Ga wanda bai gani ba, fim ɗin ba wasan kwaikwayo ba ne. Mutanen ciki rayuwarsu suke yi a gaban kyamara. A'isha Macky haifaffiyar Damagaram ce, ta shiga Kara-Kara, unguwar da tun da can aka ware wa kutare, ta zauna da ƴan pale. Akwai Siniya Boy, na palen da suka sa wa suna Hitler, yana fafutukar haɗa abokansa masu ɗaga ƙarfe su kafa kamfanin gadi don su ci halal. Akwai Ramsess, mai fasa-ƙwaurin fetur daga iyakar Najeriya. Akwai Bawa, tsohon shugaban pale da ya koma tuƙin haya, wanda abin da ya aikata wa mutane a baya ya hana shi sukuni. Ana nuna tabon wuƙa da na adda a jikin samari, kowane tabo da labarinsa.

To, a cikin wannan wanne ne ƙarya? Wa a cikinmu bai san ƴan ruwa-ruwa ba, mu da hanyar Ɗan Barto ta ratsa ta ƙofarmu? Wa bai taɓa sayen kwalbar fetur a bakin titi ba? Samarin nan sun ɗauki sunan Hitler suna zaton wani jarumi ne na Amurka. Wasunmu sun yi dariya a wurin. Ni tambaya ta zo mini: yaron da ya tashi a babban birnin jiha, garin da ke da jami'a da matatar mai tun 2011, yaya aka yi bai taɓa zama a ajin da za a gaya masa wane ne Hitler ba? Wanda ya hana shi lakwal ne ya zubar da mutuncin gari, ko wadda ta ɗauki hotonsa?

Mu mutanen Kance ya kamata mu fi kowa sanin ƙarshen rufa-rufa. A 2013 an tsinci gawarwakin mutane 92 a hamada kan hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, akasarinsu mata da yara daga wannan yanki namu. Kowa a nan ya san ana tafiyar, kowa ya yi gum. Ranar da duniya ta ji, ba mai kyamara ba ne ya tona mu.

Yanzu bari in gaya muku abin da ya cushe mini maƙogwaro.

Yayana ya yi kaso. Ba zan ce sharri aka yi masa ba, ya yi laifin. Babur ɗin sata ya karɓa ya sayar, yana sane. Wanda aka sace wa ɗan kabu-kabu ne mai iyali, kuma har yau in na gan shi kunya nake ji. Yaya ya yi wata goma sha huɗu a tsare kafin ma a yanke masa hukunci, gaba ɗaya ya yi shekara biyu. Inna ce ke kai masa tuwo. Baba bai taka wurin ba ko sau ɗaya, ya ce shi ba shi da ɗa a can.

Ranar da ya fito mun ɗauka an gama. Ashe ranar aka fara. Maigidansa na walda, wanda ya koya masa aiki tun yana yaro, ya ce shago ya cika. Gidan yarinyar da yake nema suka maido da kaya, ba ko sallama. A masallaci, in ya ajiye takalmi, sai ka ga na kusa ya ɗauke nasa ya shiga da shi. In an rasa akuya a unguwa, gidanmu ake fara leƙawa. Ya so ya nemi aikin gadi a wani ofis, aka ce ya kawo kaziye, takardar kotun nan da duk mai haɗa takardun neman aikin gwamnati ya sani, wadda ake so kada ta wuce wata uku. Tasa kuwa da rubutu a jiki. Wata rana da dare ya ce mini: "Ƙanena, a can ciki aƙalla na san ranar fitata." Bayan wata bakwai ya hau mota zuwa Agadas, wajen haƙar zinare. Alƙali shekara biyu ya ba shi. Mu muka ƙara masa sauran, ba tare da zaman kotu ba.

Shi ya sa da na ga Bawa a fim ɗin nan, yana tuƙi yana fama da abin da ke cinsa a rai, ban ga zubar da mutunci ba. Na ga karo na farko an tsaya an saurari irin yayana har ya gama magana.

Na san abin da za ku ce, don kun faɗa a daren. Za ku ce to waɗanda aka cuta fa? Wanda aka sara, yarinyar da aka lalata wa rayuwa, mai babur? Wannan magana ce mai nauyi kuma ban raina ta ba. Ba wanda ke da ikon yafewa a madadinsu, ko ni ko A'isha Macky, kuma fim ɗin bai wanke kowa ba, da bakinsu suke faɗin munin abin da suka yi. Amma ku duba lissafin da kyau. Mutumin da ya fito kaso aka hana shi aiki, aka hana shi aure, aka hana shi sahu, ina zai koma? Wurin da ake karɓarsa ba a tambayar takarda, wato pale. In ya koma, wa zai sara? Wani ɗan talakan ne dai, ƙanenka ko ƙanena. Rufe masa ƙofa bai mayar wa mai babur ko dala ba. Da yayana ya samu aikin waldarsa, da ana cire wani abu duk wata ana kai wa mutumin nan. Haka Inna ta so, ba a ba ta dama ba.

Za ku ce kuma mai hali ba ya fasa halinsa. Haba jama'a! Mu ne fa muke zama a gaban malamai ana karanta mana labarin mutumin da ya kashe rai ɗari kuma ƙofar tuba ba ta rufe masa ba, muna girgiza kai muna cewa Allahu Akbar. Mu fito daga wurin karatun, mu ga wanda ya sayar da babur ɗaya, mu ɗauke takalmanmu. Wane irin karatu ne wannan?

Laifin finafinan da muka tashi da su ma yana ciki. Ku tuna yadda akasarinsu ke ƙarewa: mugu ya shiga hannu, an sa masa ankwa, an tura shi mota, sai a rubuta Alhamdulillahi. Yaro ya tashi da ganin haka sau ɗari, dole ya ɗauka cewa daga ƙofar kaso labarin mutum ya ƙare. Ba a nuna mana uwar da ke ɗaure kwanon tuwo a ɗankwali. Ba a nuna mana ranar fitowa, da wanda ya zo tarba da wanda ya ƙi zuwa. Alhali ƙasar nan ta san irin wannan labari tun tuni. Oumarou Ganda, wanda ya fara cin babbar kyautar FESPACO a 1972, ya yi "Cabascabo" tun kafin nan, labarin sojan da ya dawo daga yaƙin Indocin, abokai suka cinye kuɗinsa suka watse. Shi ma Ganda ya je yaƙin, abin da ya sani ya ɗauka. Ba wanda yau ke cewa ya zubar da mutuncin Nijar, sunansa ma aka sa wa babbar cibiyar al'adu a Yamai.

In akwai abin da zan ce bai ishe ni ba a "Zinder", shi ne ban ga cikin gida yadda nake so ba. Ina son fim ɗin da zai fara daga ranar da aka buɗe ƙofar kaso, ya bi mutum har zaure, ya tsaya a kan fuskar uban da ya ƙi amsa sallama. Wannan ba A'isha Macky za mu jira ta yi mana ba. Muna da wayoyi masu ɗaukar hoto, muna da masu rubutu a wannan ƙungiya, kuma kusan kowace unguwa a Matamaye tana da irin yayana. Maimakon mu ɓata dare muna zagin wadda ta yi nata, mu zauna mu rubuta namu. Ni na fara, shafi shida gare ni, duk mai so ya same ni bayan darasi.

Kafin fim kuma akwai abin da bai buƙatar ko sisi. In ka san wanda ya fito, je ka gaishe shi da rana, mutane na gani. In babanka ko kawunka na da shago, yi masa magana ya gwada shi ko na wata ɗaya. In an rasa akuya, a nemi akuya, a bar ƙofar gidan mutane.

Yaya yakan kira Inna in ya samu waya. Kullum sai ya tambaya ko Baba ya ambace shi. Kullum Inna sai ta ce masa e.